Matsayin Harshe wajen Warware Tambayoyin Lissafi na Makaranta: Misalai daga Rabawa, Siffofi, Jeri da Yiwuwa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tambayoyin lissafi da ake shimfiɗa wa ɗalibai cikin zance, irin waɗanda ake tarar da su a littattafan firamare da na sakandare. An zaɓo misalai daga sassa huɗu, wato rabawa da lissafin siffofi da lissafin jeri da zaɓi da kuma lissafin yiwuwa. An warware kowane misali daki-daki domin a nuna cewa ɗalibi kan iya yin tarawa da ninkawa da rabawa ba tare da kuskure ba, amma ya faɗi tambaya, saboda tun farko bai tantance abin da ake so ya ƙirga ko ya auna ko ya raba ba. Maƙalar ta gano cewa nahawun Hausa yana fayyace wasu bambance-bambancen da lissafi ke buƙata, kamar ta hanyar ninkin lamba da kalmar "juna", yana kuma ɓoye wasu, kamar yadda ake gani a kalmomin "faɗi" da "ko" da "ɗaya". Daga ƙarshe an nuna aikin da wannan ya ɗora wa manazarta harshen Hausa.

1.0 Gabatarwa

Lissafi darasi ne na dole ga duk ɗalibin da zai zauna jarrabawar kammala sakandare a Nijeriya, ta WAEC ce ko ta NECO, kuma samun kiredit a cikinsa sharaɗi ne na shiga fannonin kimiyya da injiniyanci da likitanci a jami'a. Saboda haka abin da ke hana yaro warware tambayar lissafi yana iya zama abin da zai rufe masa ƙofar sana'ar da yake buri. Akan ɗora laifin faɗuwa a kan rashin haddace jadawalin ninkawa ko rashin ƙwarewa a ƙa'idoji. Wannan gaskiya ne a wasu lokuta, sai dai akwai wani mataki da ke gabatar waɗannan duka, wato fahimtar abin da jimlar tambaya take nufi.

Dangantakar lissafi da zance tsohuwa ce. Littafin aljabara da Muhammad bn Musa Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 babu alamomin lissafi irin na yau a cikinsa. Da jimlolin Larabci ya shimfiɗa tambayoyinsa, da su kuma ya warware su, sannan wani babban kaso na littafin ya tafi ne ga matsalolin wasiyya da rabon gado. A nan gida kuwa, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa a koyar da yara a azuzuwan farko na firamare da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsu. Kafin ita, a 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun soma gwajin koyar da dukkan darussan firamare, har da lissafi, da harshen Yarabanci na tsawon shekara shida.

A yankunan da Hausa ta yi rinjaye, abu ne sananne malami ya karanta tambaya da Ingilishi daga littafi, sannan ya juya ya yi bayaninta da Hausa. Ke nan Hausa tana cikin ajin lissafi ko an rubuta haka a manhaja ko ba a rubuta ba. Abin tambaya shi ne: wace irin Hausa ce, kuma a ina take taimakon ɗalibi, a ina take ɓatar da shi?

2.0 Matakan Warware Tambaya

A 1945 George Pólya, masanin lissafi haifaffen Hungari da ya koyar a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya fitar da wani ƙaramin littafi kan dabarun warware tambayoyi. Ya kasa aikin zuwa matakai huɗu: fahimtar tambaya, tsara hanyar da za a bi, aiwatar da tsarin, sai kuma waiwaye domin duba ko amsar ta dace da abin da aka tambaya. Idan aka lura, mataki na uku ne kaɗai ya ƙunshi lissafi tsantsa. Na farko da na huɗu aikin harshe ne da hankali, na biyu kuwa gada ce tsakanin zance da lambobi.

Wani gwaji da masu binciken koyar da lissafi suka yi a Grenoble ta ƙasar Faransa wajen 1980 ya nuna abin da kan faru idan aka tsallake matakin farko. An ce wa yaran firamare akwai tumaki 26 da awaki 10 a cikin wani jirgin ruwa, aka tambaye su shekarun matuƙin jirgin. Mafi yawansu sun ba da amsa ta hanyar sarrafa lambobin, da dama suka ce 36. Yaran sun iya tarawa. Abin da makaranta ta sabar musu da shi shi ne cewa duk inda aka ga lambobi biyu a tambaya, to, wani aiki za a yi da su. Misalan da ke tafe sun nuna siffofi dabam-dabam na wannan matsala.

3.0 Rabawa

3.1 Rabawa iri biyu

Alamar rabawa guda ce, amma tambayoyi iri biyu take amsawa. A dubi waɗannan jimloli:

(1) An raba lemo 20 gida biyar. Nawa ne a kowane kashi?
(2) An kasa lemo 20 biyar-biyar. Kashi nawa aka samu?

Amsar duka biyun 4 ce, kuma duka ana rubuta su 20 ÷ 5. Amma a jimla ta (1) an san yawan kason, ana neman girman kowanne, a jimla ta (2) kuwa an san girman kowane kashi, ana neman yawansu. Hausa ta bambance su a sarari: "gida biyar" na nuna yawan kashi, ninkin lamba "biyar-biyar" kuma na nuna girman kashi. Yarinyar da ke kasa tumatir a bakin hanya tana amfani da wannan bambanci kullum ba tare da an koya mata sunansa ba.

Amfanin bambancin yana fitowa ne idan aka zo rabawa da guntun lamba. Ɗalibai kan haddace cewa 6 ÷ ½ = 12, amma zuciyarsu ba ta natsu ba, domin sun saba da cewa rabawa tana rage abu ne. Idan ma'ana ta (1) kaɗai yaro ya sani, tambayar ba ta da kai, tunda ba a raba abu "gida rabi". Da zarar an koma ma'ana ta (2), sai a ce: mudu shida na gero za a ƙulla rabin mudu-rabin mudu, ƙulli nawa za a samu? Sha biyu, kuma babu abin mamaki a ciki. Akwai kuma tarko a gefe guda: a maganar yau da kullum "raba biyu" da "raba rabi da rabi" abu ɗaya suke nufi, saboda haka malamin da ya ce "a raba shida da rabi" zai iya samun amsar 3 daga ɗalibin da ya saurare shi da kyau.

3.2 Ragowa

A wani gwajin ƙasa baki ɗaya da aka yi wa 'yan shekara 13 a Amurka a farkon shekarun 1980, an ba da wannan tambaya: motar soja tana ɗaukar mutum 36, za a kai soja 1,128 filin horo, mota nawa ake buƙata? Kimanin kashi 70 cikin ɗari na ɗaliban sun yi rabawar daidai, suka sami 31 da ragowar 12. Amma kashi 23 cikin ɗari ne kawai suka ce mota 32. Kashi 18 sun ce 31, wato sun bar soja 12 a ƙasa, kashi 29 kuma suka rubuta "31 da ragowar 12" a matsayin yawan motoci.

Makomar ragowa tana hannun labarin da ke cikin tambaya. Lissafi guda, 14 ÷ 4, yana iya haifar da amsa huɗu:

(3) Mutum 14 za su shiga tasi mai ɗaukar mutum huɗu-huɗu. Tasi nawa za a kira? Huɗu.
(4) Tela yana da yadi 14, kowace riga tana cin yadi huɗu. Riga nawa zai ɗinka? Uku.
(5) An raba mudu 14 na dawa ga gidaje huɗu daidai wa daida. Nawa kowane gida zai samu? Mudu uku da rabi.
(6) An ba yara huɗu alƙalami 14 daidai wa daida. Nawa ya saura? Biyu.

Babu wata ƙa'idar lissafi da za ta zaɓa wa ɗalibi tsakanin waɗannan amsoshi. Sanin cewa ba a tsaga mutum, ba a sa rabin riga, amma ana raba mudu, shi ne ke yanke hukunci.

4.0 Lissafin Siffofi

A lissafin siffofi, wanda wasu ke kira jomitiri, babban ruɗanin matakin farko yana tsakanin kewayen siffa da yawan filin da ke cikinta. A ɗauki gonaki biyu. Ta farko tsawonta mita 40, faɗinta mita 10. Ta biyu murabba'i ce, kowane gefe mita 25. Wanda ya zagaya kowace daga cikinsu zai yi tafiyar mita 100, kuma shinge ɗaya za su ci. Amma ta farko tana da murabba'in mita 400, ta biyu kuwa 625. Idan aka matse gonar ta zama mita 49 a tsawo da mita 1 a faɗi, kewayen yana nan a 100, filin kuwa ya koma 49 kacal.

Wannan ruɗani ya daɗe. Polybius, marubucin tarihi Bagirke na ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, ya lura cewa mutane ba sa yarda idan an ce musu birnin Sparta ya ninka Megalopolis girma, alhali kewayen Megalopolis 50 ne a ma'auninsu, na Sparta kuwa 48. Dalilin da ya bayar shi ne cewa da kewaye suke auna girman gari.

Irin wannan yana faruwa a cinikin filaye. Fili mai ƙafa 100 a kowane gefe, wanda dillalai ke kira "ɗari ba ɗari", kunne kan ji shi kamar ninki biyu ne na fili mai ƙafa 50 a kowane gefe. A haƙiƙa na farko yana da murabba'in ƙafa 10,000, na biyu 2,500, wato ninki huɗu. Katangar da za a zagaye su da ita ce ta ninku sau biyu, daga ƙafa 200 zuwa 400. Ƙa'idar ita ce: idan aka ninka tsawon gefe sau biyu, kewaye ya ninku sau biyu, fili ya ninku sau huɗu, abin da mazubi ke ci kuma ya ninku sau takwas. Randar da ta fi wata tsawo da faɗi da zurfi sau biyu tana cin ruwan ƙaramar sau takwas.

A nan Hausar yau da kullum ba ta taimaki ɗalibi sosai ba. "Girma" kalma ce mai ɗaukar tsawo da kewaye da fili da nauyi duka. "Faɗi" kuma tana aiki biyu: ita ce kishiyar tsawo a "faɗin ɗaki mita huɗu ne", ita ce kuma yawan fili a "faɗin ƙasar Nijeriya". Malamin da ya ce "a ninka tsawo da faɗi a sami faɗi" bai yi kuskuren nahawu ba, amma ya bar ɗalibinsa cikin duhu. Shi ya sa aka yi amfani da "yawan fili" a wannan maƙala, aka bar "faɗi" ga gefen siffa. Hanya mafi sauƙi ta raba ma'anonin ga yaro ita ce a ɗaura kowace da aikinta: kewaye shi ne abin da mai shinge ko mai katanga ke tambaya, yawan fili kuwa shi ne abin da mai shuka ko mai shimfiɗa tabarma ke tambaya.

5.0 Lissafin Jeri da Zaɓi

Wannan sashe na lissafi yana ƙirga hanyoyin da za a iya jera abubuwa ko zaɓo wasu daga cikinsu. Abin lura ga manazarta harshe shi ne cewa ɗaya daga cikin tsofaffin ayyukan da aka yi da shi aikin ƙamus ne. Khalil bn Ahmad Alfarahidi na Basra, a ƙarni na 8, ya so ya tabbatar babu tushen kalmar Larabci da ya kuɓuce wa ƙamusunsa, Kitabul Aini. Sai ya bi hanyar juya baƙaƙe: baƙi biyu suna jeruwa ta hanya 2, uku ta hanya 6, huɗu ta hanya 24, biyar ta hanya 120. Daga nan ya ware jerin da Larabawa ke amfani da su daga waɗanda aka yi watsi da su. Da baƙaƙe 28, tushe mai baƙi biyu mabambanta zai kai 28 × 27, wato 756, mai baƙi uku kuma 28 × 27 × 26, wato 19,656.

Ana iya gwada dabarar da gaɓoɓin Hausa. Gaɓoɓin "ka" da "ra" da "ma" suna ba da jeri shida: karama, kamara, rakama, ramaka, makara, maraka. Akwai zaɓi uku a gurbin farko, biyu a na biyu, ɗaya a na ƙarshe, 3 × 2 × 1. Daga cikinsu "karama" da "makara" sanannun kalmomi ne, kuma ma'anarsu ta sha bamban duk da cewa gaɓoɓinsu ɗaya ne. A nan jeri yana da tasiri.

Tambayar da ɗalibi zai fara yi wa kansa a kowane lokaci ita ce: idan an sauya jeri, an sami sabon abu ko kuwa shi ne dai na dā? A kwatanta waɗannan:

(7) Mutum goma sun haɗu, kowa ya gaisa da kowa hannu da hannu. Musabaha nawa aka yi?
(8) Mutum goma, kowa ya aika wa kowa wasiƙa. Wasiƙa nawa aka rubuta?

A jimla ta (8), kowane mutum ya rubuta wasiƙa tara, jimilla 90, domin wasiƙar Audu zuwa ga Bala dabam take da ta Bala zuwa ga Audu. A jimla ta (7), musabahar Audu da Bala ita ce ta Bala da Audu, saboda haka 90 ta ƙirga kowace sau biyu, amsar ita ce 45. Ginin jimlolin ya riga ya nuna wannan. Aikatau "gaisa da" yana ɗauke da ma'anar tarayya, aiki guda ne tsakanin mutum biyu, yayin da "aika wa" yake da mai yi da wanda aka yi wa, kuma sauya matsayinsu sauya aiki ne. Sai dai a kula da kalmar "juna", domin tana shiga duka biyun: "sun rungumi juna" runguma ɗaya ce, "sun ba juna kyauta" kyauta biyu ce. Ma'anar aikatau ce ke tantancewa.

Haka abin yake a zaɓe. Fitar da ɗalibai biyu daga cikin biyar domin su wakilci aji yana da hanya 10, amma fitar da shugaba da mataimaki daga cikin biyar ɗin yana da hanya 20. Gasar Firimiya ta Ingila mai ƙungiya 20 tana da wasa 380 a kaka, wato 20 × 19, saboda kowace ƙungiya tana karɓar baƙuncin kowace. Da sau ɗaya suke haɗuwa, da wasannin 190 ne.

6.0 Lissafin Yiwuwa

A matakin makaranta, yiwuwar abu ita ce yawan sakamakon da ake so bisa yawan dukkan sakamakon da ka iya fitowa, da sharaɗin cewa sakamakon duka daidai suke wajen damar fitowa. Wannan sharaɗi ne ake yawan mancewa, har a tsakanin manya. A 1754 masanin lissafi Bafaranshe d'Alembert ya tattauna wannan tambaya: idan aka jefa kwabo sau biyu, mene ne yiwuwar fuska ta fito aƙalla sau ɗaya? Ya lissafa hali uku: fuska a jifan farko, baya sannan fuska, baya sannan baya. Ya ce amsar biyu bisa uku ce. Amma halayen uku ba daidai suke ba, domin na farko ya haɗiye hali biyu, fuska da fuska, da kuma fuska da baya. Halaye huɗu ne daidaitattu, uku daga ciki suna da fuska, amsar uku bisa huɗu ce.

6.1 "Ɗaya" da "ko"

A 1959 Martin Gardner ya buga wasu tambayoyi biyu a mujallar Scientific American. Ta farko: mutum yana da 'ya'ya biyu, babbar mace ce, mene ne yiwuwar duka mata ne? Ta biyu: mutum yana da 'ya'ya biyu, aƙalla ɗaya namiji ne, mene ne yiwuwar duka maza ne? Idan aka ɗauka haihuwar namiji da ta mace daidai suke, akwai hali huɗu bisa jerin haihuwa: namiji da namiji, namiji da mace, mace da namiji, mace da mace. A tambaya ta farko hali biyu suka rage, amsar rabi ce. A ta biyu hali ɗaya ne kawai ya fita, uku suka rage, amsar sulusi ce. Daga baya Gardner ya amince cewa tambaya ta biyu tana da harshen damo, domin amsar ta danganta ga yadda aka sami labarin.

Idan aka mayar da ita Hausa aka ce "ɗaya namiji ne", matsalar ta ƙaru. Jimlar tana iya nufin aƙalla ɗaya, amsa sulusi. Tana iya nufin wani ɗa takamaimai da aka gani, amsa rabi. Tana kuma iya nufin ɗaya tak, kamar yadda Bahaushe zai fi fahimta a hira, wanda a nan yiwuwar duka maza sifiri ce. Jimla guda ta haifar da amsa uku, kuma kowace tana da hujja.

Kalmar "ko" ma haka take. A ce an rubuta lambobi 1 zuwa 20 a katuna, aka zaro ɗaya, ana neman yiwuwar lambar tana rabuwa da 2 ko da 5. Lambobi goma ne ke rabuwa da 2, huɗu ke rabuwa da 5, biyu kuma, wato 10 da 20, suna cikin rukunin duka. A ƙa'idar lissafi "ko" tana haɗawa da wanda ya cika sharuɗɗan biyu, amsar 12 bisa 20 ce. Wanda ya tara kai tsaye zai sami 14, domin ya ƙirga 10 da 20 sau biyu. Wanda kuma ya ji "ko" irin ta "shayi ko koko?" zai cire su, ya sami 10.

6.2 Rabo

Kalmar "rabo" tana da ma'ana biyu a Hausa: kason da mutum ya samu idan an raba abu, da kuma abin da aka ƙaddara zai samu, kamar a karin maganar da ke cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Tambayar da akan ce ita ta kafa lissafin yiwuwa ta haɗa ma'anonin biyu. Mutum biyu suna wasa, kowa ya ajiye tsaba 32, wanda ya fara cin zagaye uku ya kwashe 64. Sai aka tsayar da wasan alhali na farko ya ci biyu, na biyu ya ci ɗaya. Yaya za a raba?

Luca Pacioli na Italiya, a littafinsa na 1494, ya ga a raba irin wannan kuɗi gwargwadon abin da kowa ya riga ya ci, wanda a wannan misali zai zama kashi biyu da kashi ɗaya. A wasiƙun da Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka yi musaya a 1654, sun juya tambayar zuwa ga abin da ya rage a buga. Pascal ya ce a dubi zagaye na gaba. Idan na farko ya ci, 64 nasa ne. Idan ya faɗi, sun yi kunnen doki, kowa 32. Ke nan 32 ta tabbata a hannunsa ko ta yaya, sauran 32 kuma damarsu a kai ɗaya ce, sai a raba biyu. Na farko ya tashi da 48, na biyu da 16. Fermat ya bi ta hanyar jeri: zagaye biyu ne iyakar abin da ya rage, suna da hali huɗu, na farko ne ke yin nasara a uku daga ciki. Amsar ta zo ɗaya, kashi uku da kashi ɗaya. Babu lissafi mai wuya a nan. Abin da ya ɗauki shekara 160 shi ne gane abin da ya kamata a ƙirga.

7.0 Aikin da ke Gaban Manazarta Hausa

An yi aiki mai yawa kan keɓaɓɓun kalmomi, kamar wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990 domin nazarin harshe da adabi. Sai dai misalan da suka gabata sun nuna cewa samar da suna ga alwatika ko da'ira ko murabba'i kashi ɗaya ne kawai na buƙatar ajin lissafi. Wuraren da ɗalibi ke tuntuɓe sun fi yawa a ƙananan kalmomi da ginin jimla. Ana iya kasa aikin gida uku.

Na farko, tattara abin da Hausa ta riga ta mallaka a sa shi a littattafan koyarwa: ninkin lamba, "gida kaza", sunayen kaso irin su rabi da sulusi da rubu'i da humusi da sudusi da sumuni, da kuma matakan yiwuwa da ke bakin kowa, daga "ba zai yiwu ba" zuwa "da wuya" da "wataƙila" da "tabbas", waɗanda za a iya jera su tsakanin sifiri da ɗaya.

Na biyu, daidaita wuraren da ke da harshen damo. A ware "faɗi" daga "yawan fili", a wajabta "aƙalla ɗaya" da "ɗaya tak" a maimakon "ɗaya", a riƙa cewa "ko kuma duka biyun" inda ake nufin haka. Har kiran lamba yana buƙatar kulawa, domin "dubu ɗari da biyar" tana iya zama 100,005 ko 105,000.

Na uku, nazarin Hausar da malamai ke yi a aji a zahiri, ta hanyar naɗar darussa da ƙalailaice su, domin a ga yadda tambaya ke sauyawa a kan hanyarta daga Ingilishin littafi zuwa bakin malami. Wannan aiki ne da ke buƙatar haɗin gwiwar sassan Hausa da na lissafi da na ilimi.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi misalai daga sassa huɗu na lissafin makaranta, ta nuna cewa kowanne yana da tambayar da ke gabatar lissafi. A rabawa, yawan kashi ake nema ko girmansa, kuma me za a yi da ragowa? A siffofi, kewaye ake aunawa ko fili? A jeri da zaɓi, sauya jeri yana haifar da sabon abu? A yiwuwa, waɗanne halaye ne daidaitattu, kuma me "ɗaya" da "ko" suke nufi? Duk waɗannan da harshe ake amsa su. Tunda da Hausa ɗimbin yara ke fara jin bayanin tambaya, ingancin wannan Hausar yana da hannu a sakamakon jarrabawarsu, kuma gyara ta aiki ne da ya hau kan manazarta harshen kamar yadda ya hau kan malaman lissafi.